Shashun da Ya Faɗo wa Apa daga Sama

Zuwa ga Sagindik-aga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Ulbosin-jenge da ɗanmu Ersultan, ya kuma tsare yatsunka daga injinan masana'antar nan ta Koriya. Mu nan muna numfashi. An gama yankan ciyawa, goɗiyar nan mai fari a goshi ta haihu, ƙanwarmu Kamshat tana nan tana tatsar shanun attajirin ƙauyenmu Baimurat kamar yadda ka bar ta. Uwarmu Apa kuma ta fara sabawa da cin abinci da hagu.

Ka ce mini a waya in kama bakina, ka kashe kafin in ba ka amsa. To, ita takarda ba a kashe ta, sai ka karanta. Ka san shekara da shekaru duk bikin da aka yi a ƙauyen nan uwarmu ake kira ta watsa shashu. Ita ke cika tire da alewa da kurt, ta watsa a kan amarya, yara su yi wawaso, mata su cusa a aljihu su kai albarka gida. A bikin 'yar Baimurat aka ce yanzu an ci gaba. Ɗansa Rauan, wanda ya sayi ƙaramin jirgin sama bara, shi zai watso daga sama. Aka tsayar da Apa da tirenta a bakin tanti, wai don hoto ya yi kyau.

Tun safe buhunan shashun suke cikin jirgi a rana. Cakulan ya narke ya kama kurt, busasshen cukun da ko a baki yana karya haƙori, suka dunƙule kamar kan rago. Babu wanda ya buɗe ya duba. Rauan ya taso da jirgin ƙasa-ƙasa har dawakai suka tsinke igiya, abokinsa ya zazzage buhu ta taga, jama'a na tafi. Dunƙulen ya sami Apa a kafaɗar dama. Ina kusa da ita, na ji ƙarar ƙashin. Tana kwance yara suna tsintar alewa a gefen rigarta, mai kiɗa ma bai tsaya ba.

Ban yi jami'a ba, amma na zauna na karanta dokar tuƙin jirgi a waya har idona ya yi ja. Ba wani abin mamaki a ciki, aga. Ba a jefa komai daga jirgi inda zai iya samun mutum ko dukiyarsa. A nemi izini, a zaɓi filin da ba kowa, a san abin da za a jefa. Ko mai sauke ciyawa daga rufin garke yana cewa a kauce kafin ya jefo dami. Na gaya wa Rauan haka a bakin shago. Ya yi dariya, ya kira ni farfesan tumaki, ya tambaye ni ko na taɓa hawa abin da ya fi jaki tsawo. Na ce masa ban taɓa ba, amma jakina bai taɓa karya tsohuwa ba.

Wani ya sa bidiyon bikin a intanet, sai aka turo mai bincike daga birni. Kafin ya iso, Baimurat ya zo gidanmu da tunkiya da sabon mayafi, ya zauna a wurin girma yana kiran Apa uwar ƙauye. Dattawa suka ce shashu albarka ne, ba a kai ƙarar albarka. Kawu Orazbai har cewa ya yi wanda babban rabo ya faɗa wa, shi Allah ya fi so. Na ce to ya tsaya a fili in hau rufi in nuna masa so da bulo. Aka kore ni waje.

Da mai binciken ya zo na faɗa masa komai. Ya juya wajen Apa. Ta dube ni, ta dubi Kamshat, sannan ta ce zamewa ta yi a matakala, ɗan nan nata karatu ne ya yi masa yawa. Ta ƙara masa shayi da hagu, rabi ya zube a tebur. Bidiyon bai nuna inda dunƙulen ya sauka ba, sai mutumin ya sha shayinsa ya tafi. Da na tambaye ta dalili, ta ce aikin Kamshat da ciyawar hunturu duk a hannun Baimurat suke, kuma kai ma abin da ka gaya mata ke nan. Likita ya ce ƙashin zai haɗe, amma hannun ba zai ƙara wuce kafaɗa ba. Shi kuwa Rauan an riga an yi hayarsa a bukukuwa biyu na kaka.

Ka ce za ku zo a yi bikin al'ada na yanke wa Ersultan igiyar ƙafa tunda ya fara tafiya, Apa ta watsa masa shashu. Tana gwadawa a bayan gida da tsakuwa, da hagu, tana zaton ban gani ba. Jifan ba ya wuce gaban takalminta. Baimurat ya aiko cewa jirginsu kyauta ne a ranar, Apa ta ce a gode masa. Amsar tana wurinka, kai ne uban yaro. In ka ce jirgin ya zo, ka nemi wani ƙanin da zai yanka maka rago.

Ka gai da Ulbosin-jenge, ka sumbaci goshin Ersultan. Kamshat tana gaisuwa, kawu Orazbai ma ya ce a gaishe ka, na isar. Apa ta ɓoye guntun dunƙulen nan a akwatinta, ta ce lallai a aika wa jikanta ya samu albarkar bikin. Na sa shi cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan kamar yadda ta umarta. Ka ɗan riƙe shi a tafinka ka ji nauyinsa kafin ka ba yaron.

Ƙaninka,
Kuandik