Tunkiyar Baba da Ke Cikin Waya

Assalamu alaikum, Gwaggo Kubra. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki daure kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe. Ni kaina da wata ce ta kawo mini wannan magana bara, da na ce ba ta da aikin yi. Magana ce a kan tunkiya, tunkiyar ma ta cikin waya, amma yau kwana goma sha ɗaya ke nan ta hana ni sakewa a gidana.

Ni malamar firamare ce a nan Kaura Namoda, lissafi nake koyarwa a aji biyar. Shekara biyu ke nan mahaifina yana zaune tare da mu. Da can yana wani ƙauye ne a bayan Zurmi, yana noman gero da dawa, amma abin da aka fi saninsa da shi kiwon tumaki. Mutum zai taso tun daga Shinkafi don kawai Alhaji ya duba masa haƙorin rago kafin ya saya. Ba sai na faɗa miki abin da ya taso shi ba, duk wanda ke wannan yanki ya sani. A yini ɗaya aka kore garken, aka kwashe rumbu. Ya iso mana da jaka ɗaya da buta da carbi. Innarmu kuwa ta riga mu gidan gaskiya tun kafin wannan.

Tun da ya zo ya zama kamar baƙo a gidan 'yarsa. Mutumin da idan ya fara labarin tumaki sai kiran salla ke raba ku, ya koma daga "lafiya lau" sai "an gode". Zai shimfiɗa buzu a zaure ya zauna yana kallon bango. Maigidana Zayyanu direba ne, ya yi iya ƙoƙarinsa, har kujerar gaba ya sha ba shi don su je Shinkafi ya ga gari, ya ƙi.

Da ƙaramar salla ƙanwata Mardiyya, wadda ke aure a Shinkafi, ta zo mana kwana uku. Ita ce ta saka wani wasa a tsohuwar wayata, irin wanda ake ba ka 'yar dabba ka rena, ka ciyar da ita, ka yi mata wanka, tana hawa mataki-mataki. Da farko dabba uku ake jera maka ka ɗauki ɗaya: kwikwiyo, da zomo, da 'yar tunkiya. Mardiyya ta ce duk mai wayo kwikwiyo yake ɗauka, shi ke cin gasar tsere, zomo kuma shi ya fi saurin girma, tunkiya kuwa ita ce koma-baya, ba wanda ke kallonta. Muna cikin wannan gardama sai muka ji muryar Baba daga zaure, wai a kawo ya gani.

Gwaggo, daga azahar har la'asar Baba yana zaɓe. Ya sa na buɗa masa hoton da yatsa ya dubi ƙafafu, ya dubi kunne, ya dubi wutsiya, ya sa na juya ta baya. Gabanta baƙi ne, bayanta fari. Daga ƙarshe ya ce, "Wagga uda ta, kuma uwa za ta yi. Ita nika so." Muka yi ta dariya. Ya raɗa mata 'Yar Uda, na rubuta masa sunan.

Daga ranar Baba ya dawo mana. Idan ya idar da wuridin safe sai ya nemi waya. Ya koyi inda ake dannawa ba tare da ya san harafin boko ko ɗaya ba. Idan sabis ya ɗauke sai ya fita bakin masallaci inda ya fi kamawa, ya duba ta ya dawo. Ya fara ba mu labarin tumakinsa na da, kowace da sunanta da halinta, har da wadda ya ba ni ranar da na sauke Alƙur'ani, da ni na manta da ita. Har faɗa ya koma yi mana idan aka bar masa waya babu caji, ni kuwa wannan faɗan ya fi mini komai daɗi.

To ga inda matsalar take. A wasan kullum ana ba ka damin abinci goma, shi Baba harawa yake ce masa. Ƙa'idar wasan ita ce ka zuba wa dabbarka duka, yawan cinta shi ne hawanta. Baba kuwa uku yake ba ta, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma, ya adana bakwai. Na yi masa bayani ya fi sau goma cewa wannan wasa ba shi da rani, gobe ma za a ba shi. Sai ya ce, "Wa yag gaya miki? Kuma dabba ba a cika mata ciki lokaci guda, kumburi takai." Wata takwas ana haka. Ma'ajiyarsa ta cika da harawa, 'Yar Uda kuwa tana mataki na huɗu, 'yar ƙarama kamar ranar da aka ɗauko ta. Shi ko a jikinsa, jira yake ta isa haihuwa.

Ni ce abin ya dama. Akwai wani jeri da ake nuna sunayen abokan wasa, karen Mardiyya yana sama a mataki na ashirin da wani abu, Baba yana can ƙasa, na ƙarshe. Kin san halinmu malamai, ba ma jure ganin namu a ƙarshen aji. Ranar Juma'ar da ta wuce waccan, Zayyanu ya ɗauke shi suka tafi masallaci, ya bar wayar tana caji. Na ɗauka da niyyar in ba ta kaɗan kawai. Na danna, ta hau mataki, aka yi ɗan kiɗa, taurari suka watsu. Na sake dannawa. Wallahi ban san lokacin da na ƙarar da ma'ajiyar ba. Abin da ban sani ba shi ne dabbar tana sauya kama idan ta yi nisa. Ina kallo haske ya rufe 'Yar Uda, da ya yaye sai ga wani ƙaton rago ruwan zinariya, da murɗaɗɗun ƙahoni, har da fukafukai. A lokacin ma murna na yi, na ce yau Baba ya wuce Mardiyya.

Da ya dawo na miƙa masa ina murmushi. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanga ba nawa na ba." Ya danna ma'ajiya ya ga wayam. Ya ɗago ya tambaye ni wa ya taɓa masa rumbu. Gwaggo, da na ga fuskarsa sai tsoro ya kama ni, na ce masu wasan ne suka sabunta shi daga can, haka suka yi wa kowa. Sai ya ce, "Ashe nan ma ana shigo ma mutum." Ya ajiye wayar a kan buzu, bai sake taɓa ta ba har yau.

Ya koma kallon bango. Abinci ma sai an yi da gaske. Ni kuma ga ƙarya na yi wa mahaifina, ina kai masa fura ina kasa haɗa ido da shi.

Mardiyya ta ce in buɗe sabon wasa a ɓoye, in ɗauki irin tunkiyar, in kai ta mataki na huɗu, in ce masa sun dawo da ita. Zayyanu ya ce a bar shirme, ranar kasuwa zai biya Kasuwar Daji ya sayo tunkiya ta gaske a ɗaure masa a tsakar gida, ya tashi ya gan ta. Ni kuma zuciyata tana ce mini in faɗa masa gaskiya, amma ina tsoron kada ya daina yarda da ni, alhali ni kaɗai na rage masa kusa. Abin da nake so kawai Baba ya dawo yana magana. Wanne zan yi?

Taki,
Malamar Aji Biyar, Kaura Namoda.

*

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ban yi dariya ba, sai dai a wurin fukafukai na ɗan murmusa, ki yafe mini.

Bari in fara da naki ɓangaren. Ba mugunta kika yi ba. Ke kika karɓi mahaifinki, ke kika ba shi wayar, ke kika rubuta sunan tunkiyar. Kuma a ƙa'idar wasan ke ce mai gaskiya, haka ake hawa mataki. Sai dai ku biyu ba wasa ɗaya kuke yi ba. Ke jerin sunaye kike kallo, shi kuwa kiwo yake yi, yadda ya yi shekara da shekaru yana yi. Damin nan bakwai da yake ajiyewa kullum su ne abu na farko da ya tara da hannunsa tun da ya baro gida. Ya zaɓi mace don ta haihu, ya dawo daga masallaci ya tarar da rago.

Amma ƙarar da harawar bai kai ƙaryar ciwo ba. Sake karanta abin da ya ce miki. Da kika ɗora wa masu wasan, abin da ya ji shi ne ko a cikin waya, ko a zauren 'yarsa, wasu da bai sani ba suna iya zuwa su kwashe abinsa su tafi. Wanda ya yarda da haka ba zai sake tara komai ba, shi ya sa ya ajiye wayar. Idan kuwa ya san 'yarsa ce ta yi karambani, to wannan ɓarna ce ta cikin gida, mai ita tana nan, ana iya yi mata faɗa, tana iya ba da haƙuri. Waɗanda suka kore masa garke ba wanda ya dawo ya ce ya yi kuskure. Ke kina iya yi masa wannan.

Don haka ki faɗa masa, kuma kada ki wuce gobe. Ki zaɓi lokacin da ba kowa, ki durƙusa yadda kika saba, ki ce ke ce, ki faɗi dalilin ko da ya zama abin kunya, ki nemi gafarar ƙaryar daban da ta harawar. Kada ki kawo masa bayanin ƙa'idar wasa, ba a aji kike ba. Zai yiwu ya yi fushi, ya kwana biyu bai kula ki ba. Ki jure. Mahaifin da ya tuna tunkiyar saukarki bayan ke kin manta ba zai yar da ke a kan wannan ba.

Shawarar Mardiyya ki bar ta. Mutumin da ya ɗauki azahar zuwa la'asar yana duban ƙafar hoto ba za a musanya masa dabba bai gane ba, kuma ko bai gane ba, ƙarya ce ta biyu a kan ta farko. Abin da Mardiyya za ta yi mai amfani shi ne ku duba wasan tare. Wasu irin waɗannan wasanni suna da wurin da ake maido wa dabba tsohuwar kamarta, wasu kuma ana iya rubuta wa masu su. Ban san naku ba, don haka kada ki yi masa alkawari. Kada kuma ki kai wayar wurin wani a kasuwa da zai ce ki ba shi lambar sirri ya gyara. Idan ba a samu hanya ba, ki tambaye shi ko yana son a fara sabo, kuma idan an jera dabbobin nan uku ki naɗe hannunki.

Zayyanu ya fi kowa kusa da daidai, amma shi ma yana shirin yin irin kuskurenki, wato ya yanke wa tsoho hukunci don yana ƙaunarsa. Kada a sayo a ɗaure. Bayan kin gama da taki maganar kuma ƙura ta lafa, Zayyanu ya same shi ya ce yana son ya fara ɗan kiwo a gida amma bai san tumaki ba, ya roƙe shi ya raka shi. Idan hanyar Kasuwar Daji ba ta yi muku ba, karar dabbobi ta cikin gari ta isa. Ku bar shi ya buɗe baki ya dubi haƙori, ya taɓa ƙugu, ya ƙi goma ya ɗauki ɗaya, ko da ita ce ramammiyar da ba ta burge ku ba. Idan ya ce bai shirya ba, ku ƙyale shi zuwa wani lokaci.

Duk wadda ya zaɓa, ta waya ko ta turke, ranar da kika ga ya fara ɓoye harawa, ki nemo masa wuri mai kyau inda ruwa ba ya zuba, ki bar shi ya tara.

Allah Ya sanyaya zuciyar Baba, Ya mayar masa da fiye da abin da ya rasa, Ya ji ƙan Innarku, Ya kuma zaunar mana da yankinmu lafiya. Ki gaishe shi da kyau.

Gwaggo Kubra