Kantar Hannuna Ba Ta Taɓarya Ba Ce

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. A ɓoye sunana don Allah. Wanda zai zage ni ya karanta har ƙarshe tukuna, ko da yake zagi bai taɓa hana ni cin tuwo ba.

Ni matar aure ce a Kubwa, 'ya'yana biyu, ina aiki a wata ma'aikatar tarayya. Shekara guda ke nan ina ɗaga ƙarfe a ɓoye. E, ƙarfe, ni mace! Bayan haihuwata ta biyu ko hawa benen ofis sai na tsaya ina haki kamar tsohuwa. Na roƙi maigidana ya bar ni in shiga jim, wato gidan motsa jiki, ya ce ba matarsa ba. Sai na riƙa zuwa wani na mata zalla kusa da ofis a lokacin hutun rana. Na samu ƙarfina, bayana ya daina ciwo, kuma wallahi ban yi nadamar wannan ba. Jikina ne ko na aro?

Matsalar ita ce rannan na ƙara nauyi don in burge wata abokiyar aikina, ban ko ɗumama jiki ba, na cilla ƙarfen sama da kai. Kafaɗar dama ta ce ƙas! Washegari ɗaurin ɗankwali ya gagara, kabbarar salla ma da ƙyar hannun ke kai kunne. Maigida ya tsare ni: "Me ya samu hannunki?" Bakina ya riga hankalina, na ce, "Dakan sakwararka ne. Ni kaɗai nake yi, ƙanwarka tana kan waya." Ƙanwar tasa, mu kira ta Hajara, a wurinmu take zaune tana karatun jinya. Kuma ita ke dakan nan duk Asabar, ni ko taɓarya ba na taɓawa. Nan ne kunya take kama ni, ba a ƙarfen ba.

Likitar gashin ƙashi da na je wurinta ta ce kada in ajiye hannun gaba ɗaya, zai sanƙare. Ta ce in bar ɗagawa sama da kai tukuna, in riƙa tafiya da yatsu a jikin bango, in ja robar motsa jiki a hankali, in riƙe sanda da hannu biyu ina ɗagawa zuwa daidai inda zafi ya fara. Muciya na samu. Ina cikin yi a kicin sai ga Hajara. Ta gyara mini gwiwar hannu ta ce, "Anti, sassauta, kada ki ɗage kafaɗar zuwa kunne." Sannan ta juya tafina, ta shafa kantar da ke gindin yatsuna, ta ce, "Wannan ba ta taɓarya ba ce." Ta saki hannun ta ci gaba da wanke-wankenta. Har yau ba ta gaya wa yayanta ba.

Shi kuwa ya hau dokin zuciya. Ya ce ba zai ajiye wadda za ta nakasa masa mata ba, ranar Asabar za ta koma gida Bauchi, saura wata huɗu ta gama makaranta. Ya yi mata faɗa a gabana, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri Yaya." Ko kallona ba ta yi ba.

In na faɗi gaskiya, na san shi, jim ya ƙare har abada, wataƙila har aikin ya ce in ajiye. Ni kuma ba zan koma waccan mai hakin bene ba, kowa ya ji da kyau. Me ya sa sai na yi ƙarya kafin in kula da lafiyata? Amma yarinyar nan me ta yi mini? Yau da safe ita ta ɗaura mini ɗankwali, akwatinta a haɗe a bakin ƙofa.

Jibi Asabar. Me zan yi?