Inna, Ɗaɗɗoyarki Ta Kama a Kalgo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, albishir na zo miki da shi. Damina ta wuce, an yanke gero an ɗaure, kuma takwararki Ummi ko ƙofar asibiti ba ta taka ba.

Ba ki san Ummi ba, Inna, bayan rasuwarki aka haife ta. Ta zo da ciwon ƙirji, abu kaɗan sai numfashinta ya sarƙe. Gidanmu na Kalgo kuwa a bakin fadama yake, in ruwa ya sauka sauro har cikin miya yake faɗawa. In na kunna maganin sauro na shago, tari ya shaƙe ta. In na fesa na gwangwani, sai mun fita da ita waje muna yi mata fifita. In na bari kuma, zazzaɓi ya kayar da ita. Gidan sauro muna da shi, amma wace yarinya ce za ta hau gado tun magariba? Kafin ta gama cin tuwo an gama cinye mata ƙafafu.

Bara ce ta fi muni. Na zauna a bakin gadon asibiti ina kallon ruwan da ake ƙara mata yana ɗiga, jikinta zafi rau, ina kiran sunanta ba ta amsawa. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da sai dai haƙuri. A bakin wannan gadon na tuna ki.

Na tuna tsakar gidanmu na Masama da la'asar sakaliya. Ki ɗebi garwashi a kasko, ki zuba ganyen dogonyaro da busasshen ɓawon lemu, ki kai ɗaki ki ja ƙofa. Ki aike mu bayan rumbu mu karyo ɗaɗɗoya da sarakkuwar sauro, ki murje su da man kaɗe ki shafe mana hannu da ƙafa. Muna tura baki muna cewa wari, ke kuma ki ce, "Ku yi ta warinku, in dai za ku kwana lahiya."

Da aka sallame mu na hau mota zuwa Gwandu, daga nan babur ya ƙarasa da ni Masama. Ɗakinki ya rushe, Inna, Yaya Bello awaki yake ɗaurewa a wurin. Amma da na zagaya bayan rumbu, sai ga ɗaɗɗoyarki. Ba mai ba ta ruwa, ba mai kallonta, tana ta zubar da iri tana sake tsirowa. Na durƙusa na yi kukana ya ishe ni, sannan na ƙulle iri a bakin zane.

Ba a karɓe ni da guɗa ba. Baban Ummi ya ce, "Ciyawa cikin gida? Macizai za ki tara muna!" Sai na shuka a fasassun bokitai, na ɗora kan bulo, ina share ƙarƙashi kullum. Shukar farko kaji suka tone. Ta biyu rana ta ƙone ta. Ta uku ce ta kama, ta yi kore shar tun daga bakin zaure har tagar ɗaki.

Abu ɗaya na canza a tsarinki. Hayaƙin kasko nakan sa shi Ummi tana Islamiyya, in buɗe taga ya fice kafin ta dawo. Na rataya ɗanyen ganye a ƙofa, na shafe Ummi da man kaɗe irin naki, da dare kuma ta shiga gidan sauro. Ruwa ya yi ta zuba, fadama ta cika ta batse, ni kuma kullum da safe ina taɓa goshinta. Kullum sai in ji shi sanyi ƙalau.

Yanzu matan unguwa ke sallama da gwangwanayensu suna neman dashe, ban hana kowa ba. Nakan ce su yi wa mai irin addu'a, in faɗa musu sunanki. Baban Ummi kuwa shi ke ban ruwa da asuba, har na jiyo shi a ƙofar gida yana koya wa abokansa yadda ake yi, kamar shi ya ƙirƙiro.

Bari in ba ki na ƙarshe. Jiya maƙwabciyarmu ta shigo a fusace, riƙe da hannun Ummi. Wai ta hau katanga ta tsinke mata gwaiba, da aka biyo ta kuma ta diro ta zura da gudu, sai a bakin masallaci aka cim mata. Na ba da haƙuri, na ɗaure fuska na yi faɗa yadda ya kamata. Da matar ta fita na shige ɗaki na yi sujada. Ummi ce ta yi gudu, Inna! Gudu har manya suka gaji!

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane yaro da ya yi barci lafiya a unguwar nan ya zame miki sadaka mai gudana. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, in nuna miki takwararki.

Taki har abada,
Autarki, Balkisu.