Layin da Gidanmu Ya Faɗa

Dakar, Afirilu 2010

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Inna da su Gambo. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake. Ramar da kuka gani a hoto ba ciwo ba ce, abincinsu ne har yau ban saba da shi ba.

Kun san aikin da nake koyo a biro, wato ofishin masu rabon agaji. Ina rubuta wa na'ura sharuɗɗa da harshen ƙididdiga da ake kira R, ita kuma ta ware gidaje. In rumbu babu kome, buhu biyu. In ba haka ba, in hatsin da ya rage bai kai wata ba, buhu ɗaya. In ba haka ba, babu. Da hannuna na rubuta.

Jiya sakamakon Tirmini ya fito, na ga gidanmu a layin ƙarshe, na waɗanda ba za su samu kome ba. Na nemo takardar anketi, wato ta tambayoyin da aka yi gida-gida. Baba, kun ce wa mai tambaya hatsinmu zai kai damina, alhali Yaya Mala ya gaya mini tun watan jiya sau ɗaya ake ɗora tukunya a rana.

Na san ba ku nuna wa baƙo rashi. Amma na'ura ba ta san kunya ba, kuma ba ta leƙa rumbu. Shugabana ya ce ba a canza amsar mutum, ko ta uban wa. Ilimin da kuka turo ni nema, da shi na hana ku abinci.

Masu tambaya za su koma wata mai kamawa. Don Allah ku buɗe musu rumbun. In ba za ku iya ba, ku tafi masallaci, ku bar Inna ta amsa.

Allah ya kawo ruwa.

'Yarku,
Kaltuma