Hannunka a Ajin Su Hadiza

Zuwa ga Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙane ga wansa, ina shaida maka da hannuna nake wannan rubutu. Tunda soja suka koma bariki aka buɗe mana ajin manya bayan la'asar, na shiga da furfurata. Ka yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen.

Shekara tara ke nan da rasuwarka, kuma tun ranar ban sake zama bugun tufafin rini ba. Ka san aikin na mutum biyu ne, ina sauke sanda kana ɗagawa.

Jiya jikata Hadiza, wadda ka bari a goye, ta ja ni makarantarsu. Malamarsu tana koya musu kiɗa da gwangwanaye da murafan tukwane, ta ce kowa ya kawo sautin gidansu. Ita kuwa sai ta kawo ni.

Na zauna gaban benci na buga nawa. Malama tana bi tana zanawa a allo, layi in na buga, zagaye in na yi shiru. Da na ɗaga kai, Yaya, rabin allon zagaye ne. Duk wurinka ne.

Sai ta raba yaran gida biyu, ta ce in koya wa rabi naka. Shekara talatin ina jin hannunka, ban taɓa buga shi ba, kuma in ya ɓace mini babu sauran wanda zan tambaya a marinarmu ta Ƙofar Mata.

Sau uku muna yi daidai da allo, amma ba kai ba ne. Can na tuna, ai kai kullum sai ka ɗan makara, kamar mai jan numfashi. In yi ta mita, ka ce, "Bugi naka, Ɗanlami, rigar ba gudu za ta yi ba."

Na ce wa yaran su ɗan jira kafin su sauke. Malama ta rasa yadda za ta zana wannan. Hadiza ce ta fara kamawa, sauran suka bi ta. Na rufe ido, na ji ka zaune a gabana. Na yi ta dariya, yara suna kallon tsoho yana goge fuska da hula.

Yanzu yara ashirin sun iya makararka, Yayana, ni da na so in raba ka da ita.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙanenka mai kewarka,
Ɗanlami