Sunan da Mahaifiyata Ta Aro a Gidan Rediyonku

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da muke kamawa a Zango da kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, sunana Alhassan, ina sayar da awaki da tumaki a kasuwannin Zango da Baure da Mai'aduwa. Ni Buzu ne. A Zango aka haife ni, a nan aka binne mahaifina. Na rubuto ne a kan maganar da mai gabatar da shirin mata na hantsi ta yi a kan Buzaye bayan ƙaramar Sallah. Ba zan ambaci sunanta ba, domin sunan 'yata ne, kuma ba na son in gan shi a cikin takardar ƙorafi.

Na zo ofishinku aka ce kana taro, na sake dawowa aka ce ka yi tafiya. Mai gadin da ya faɗa mini haka shi ma Buzu ne, kuma har na juya bai iya haɗa ido da ni ba. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Na ɗaya, ya kamata ka san wadda aka zaga. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ta shigo ƙasar Daura tana yarinya a kan jaki, shekarar da fari ya cinye dabbobin iyayenta. Nan ta girma, nan ta yi aure, Hausarta ta fi tawa daɗi. Da yanar ido ta rufe mata gani, rediyo ya zama abin da ya rage mata na duniyar waje. Ana iya makara da kai mata koko ta yi shiru, amma batir ya mutu ba a canza ba, ranar gidan kowa sai ya ji a jikinsa. Ma'aikaciyarku kuwa ba ta kiranta da komai sai "ƙawata". Ba su taɓa haɗuwa ba. In shirin ya fara, takan ce, "Ku yi mini shiru, ƙawata ta zo," har ta gyara ɗankwali kamar baƙuwar tana ganinta. Mukan tsokane ta mu ce ƙawar da ba ta san da ke ba, ita kuma ta ce mu ne dai ba mu san zumunci ba.

Da matata ta haifi mace, Inna ta roƙi a ba ta zaɓin suna, ta zaɓi sunan ƙawarta. Ni na kira shirin na faɗa. Ma'aikaciyarku ta yi guɗa a kan iska, ta yi wa jaririyar addu'a, ta ce wata rana za ta zo Zango ta ga takwararta. Yarinyar yanzu tana aji uku a firamare. Duk shekarun nan Inna ba ta yarda a taɓa sabuwar tabarmar da ta sa aka saya aka jingine a bayan gadonta ba, wai ta baƙuwa ce.

Na biyu, ga abin da aka faɗa. Wata mata ta kira tana neman shawara, ɗanta yana son auren Buzuwa. Ma'aikaciyarku ta kwashe da dariya, ta ce, "Haba baiwar Allah, duk matan garin nan? Ai waɗannan asalinsu bayi ne. A bar su a bakin ƙofa da butar shayinsu, kada a shigo da su cikin zuri'a." Abokin aikinta ya taya ta dariya. Ba wanda ya katse shirin. A lokacin Inna tana zaune a tsakar gida, rediyon yana kan cinyarta, takwarar ma'aikaciyarku tana gefenta tana tsince mata gyaɗa. Matata ce ta faɗa mini abin da Inna ta yi. Ta lalubi makunnin ta kashe, ta miƙa wa yarinyar ta ce ta kai ɗaki.

Na uku, hayaniyar da ta biyo baya. Na san kun sha kira, na san an yi ta zaginku a waya, limamin unguwarmu ma ya taɓo maganar ranar Juma'a, Allah ya saka masa. Hausawa da Fulani da yawa sun tsaya mana, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma wallahi, ranka ya daɗe, fushin jama'ar nan bai warkar da mu ba. Kowa ya ji haushi sai ya tura muryar ga wani yana cewa ji abin da ta faɗa. Maganar da aka yi sau ɗaya da hantsi ta koma ana jin ta a tasha, a wurin mai shayi, a bakin kara inda nake tsayawa da dabbobina. Wanda bai taɓa sauraron shirin mata ba ya haddace ta. Wani dillali da muka shekara goma muna cin tuwo kwano ɗaya ya tarbe ni da "ina butar shayin?" yana dariya, ni ma na yi dariyar, domin in na ɓata rai a ce ban san wasa ba. Su masu fushin sun huce, sun koma kan wata rigimar. Mu aka bari da maganar a gida.

'Yan ajin 'yata kuma sun gano abin da ya fi musu daɗi: ga mai sunan, ga kuma Buzuwar, duk a jiki ɗaya. Sukan kira sunanta, in ta waiwaya su kwaikwayi dariyar. Yanzu ko a gida aka kira ta, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Malaminsu ya aiko cewa ba ta amsawa in ana kiran suna.

Na huɗu, sanarwarku. Kun ce barkwanci ne irin na al'ada, kun ce a yi haƙuri idan ran wani ya ɓaci, kuka ɗauke ta na ɗan lokaci, ga shi ta dawo. Mu ma mun san wasan da ke tsakanin ƙabilu. Ana yin sa ne gaba da gaba, ka faɗa a mayar maka, a tashi ana dariya tare. Tsohuwa makauniya da rediyo a cinya ta yaya za ta mayar? Kuma ban taɓa jin wasan da ake cewa a hana mutum shiga zuri'a ba.

Abin da ya karya ni shi ne na ƙarshe. Na yi zaton Inna fushi take yi, na ma so a ce fushin ne. Abinci ya ragu, hira ta ragu, ta daina yi wa jikokinta waƙoƙin Buzanci da take musu in ana shan iska. Ran nan ta kira ni ta ce in zauna. Ta ce, "Alhassan, ashe ƙawata ba ta san ko mu su wane ne ba. Da ka kira ranar suna, ka faɗa mata mu Buzaye ne?" Na ce ban faɗa ba, ban ga dalili ba. Ta ce, "To ka gani, mun cuce ta. Mun ɗauki sunan 'yar mutane mun saka a inda ba ta so." Na yi magana har na gaji, na kawo limami ya yi mata nasiha cewa babu wanda ya fi wani sai da tsoron Allah. Ta saurara, ta yi godiya, da ya fita ta sa aka ɗauke tabarmar nan aka ba maƙwabta.

Buƙatuna ba su da yawa, kuma gaskiya ban sa rai ba. Ina roƙon ma'aikaciyarku ta faɗa da bakinta, a cikin shirin da ta yi maganar, cewa abin da ta faɗa ƙarya ne, ba tare da "idan" ba. Ina roƙon ta cika alkawarin da ta ɗauka ta zo Zango, domin Inna ba za ta ji ta rediyo ba, ba ta sake kunna shi ba. In za ta zo, kada ta jinkirta. Jikin tsohuwar ba kamar bara ba ne.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare harshenka da na ma'aikatanka, ya kiyaye iyayenku daga jin irin abin da tawa ta ji.

Saura saƙo ɗaya. Inna ta san ina rubuta muku takarda, amma ta ɗauka ta ban haƙuri ce, domin ita ta aike ni, kuma ban taɓa ƙin aikenta ba. Ta ce a gaishe da ƙawarta. Ta ce a gaya mata ba da gangan muka yi ba, ta yafe mana, kuma in tana son a canza wa yarinyar suna, za a canza.

Na isar.

Wassalam.

Alhassan,
Zango, ƙasar Daura.