Shafin Mama da Ban Rufe Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni ce Zuhura Nanjira, shekarata goma sha bakwai. Ina rubuta wannan a ƙofar ɗakinmu a Mumias, ƙasar Kenya, da hantsin Litinin, cikin hankalina, babu zazzaɓi a jikina, ba kuma wanda ya sa ni. Jibi zan hau motar Eldoret a yi mini aikin zuciya. Likitar ta gaya wa Kawu Makokha a hankali cewa an makara wajen kawo ni. Ta ɗauka ban ji ba, amma na ji.

Ku nake rubuta wa, Mwajuma da Sauda. Ƙannena ne ku, amma tunda Mama ta rasu ni nake yi muku kitso, ni nake zuwa makaranta idan an kira iyaye, don haka ku bar ni in kira ku 'ya'yana sau ɗaya. Kun san ba na iya magana a gaban mutane. A takarda na fi iyawa.

Na ɗaya. Robobin tsutsa goma sha shida da kejin baƙin ƙudan da ke haifar su na Mwajuma ne. Kada ki zuba musu sharar kasuwa da ruwanta, ki matse ta tukuna. Idan kika ga suna hawa bakin roba za su gudu, zafi ne ya yi musu yawa. Kajin nan bakwai na Sauda ne, har da gurguwar da take cewa ƙawarta ce. Kada a yanka ta ko da baƙo ya zo.

Na biyu. Wayar Mama ta Mwajuma ce. Lambar sirrin tana rubuce a bayan hoton Mama da ke bango. A kan wannan wayar nake da magana mai nauyi, kuma Sauda ba ta san komai a kai ba, sai ki karanta mata a hankali.

Sauda, kina ƙarama lokacin da Mama ta buɗe shafi a dandalin nan da ma'aikata da 'yan kasuwa suke haɗuwa. Masu kwat ne a ciki, masu digiri, sai ga mace ɗaya da hannunta dumu-dumu cikin tsutsa. Maƙwabciyarmu Mama Auma ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Nechesa, turawa za ki nuna wa ƙazantar bayan gidanki?" Mama ta ce, "Su ma kajinsu ba biskit suke ci ba." Kowace Litinin tana faɗa da baki, ni ina rubutawa da ɗan Turancin da na tsaya da shi a aji takwas. Abu ɗaya take faɗa, yadda ake kiwon tsutsa a ciyar da kaji ba tare da sayen abincin kanti ba. Ranar da tsutsarta ta mutu ƙaf ma sai da ta sa na ɗauki hoto. Na ce abin kunya ne. Ta ce, "Rubuta, 'yar nan. Wanda bai ga asarata ba, ba zai yarda da ribata ba." Shekara guda cur ba ta sayar wa kowa komai ba. Daga baya mutane da kansu suka fara neman ɗan littafin kiwon tsutsa da muka haɗa mata, da irin tsutsa da muke aikawa a mota, da shawararta. Da wannan muka ci ugali, tuwonmu na masara, da shi kuka zauna a makaranta.

Mama ta rasu ranar Lahadi, aka binne ta ranar Litinin. Kafin ta kwanta jinya mun riga mun tsara rubutu huɗu da za su riƙa fita da kansu, ni kuma na manta. Ana kan hanyar dawowa daga maƙabarta wayar ta yi ƙara a cikin zanena. Na duba, sai ga Mama tana murmushi tana gaida jama'a da sabon mako. Mutane suna ta amsa mata. Na ce gobe zan faɗa musu. Washegari wani manomi ya rubuto yana cewa tsutsarsa na mutuwa, Mama ta taimake shi. Na san amsar, sai na ba shi da sunanta. Shi ke nan. Shekara biyu da wata uku ke nan ina magana da bakin matacciya. Mai son ya kira waya, in ce muryar Mama ba ta da lafiya. Ranar haihuwarta dandalin ya tuna wa mutane, suka cika shafin da addu'ar Allah Ya ƙara mata tsawon rai, ni kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa amin.

Na gaya wa kaina don ku nake yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai tsoro, domin wa zai saurari yarinyar da ko sakandare ba ta shiga ba? Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk Litinin, na tsawon rabin awa, ina da uwa.

Na uku. Ku je ku gaida Kawu Makokha, ku ba shi wannan takarda ya karanta. Bara ya same ni ina rubutu, ya ce, "Zuhura, har yaushe za ki riƙa tashin ƙanwata daga kabari duk mako? Ki bar ta ta kwanta." Tun ranar na daina zuwa gidansa, ke ma Mwajuma kika biye mini. Duk da haka shi ya goya ni zuwa titi ranar da na faɗi, ya sayar da ɗan maraƙinsa ya biya asibiti, bai ce mini komai a kan maganar ba. Mun zauna kusa da juna a mota har Eldoret, na buɗe baki ya fi sau biyar, na kasa. Kawu, kai ne mai gaskiya. Ka yafe mini.

Na huɗu. Akwai wata mata a Choma, can ƙasar Zambiya, sunanta Chipego Hamweene. Da kaji ashirin ta fara, yanzu tana da rumfa uku. Kowane mako tana rubuto wa Mama, tana kiranta uwa. Watan jiya ta turo hoton jaririyar da ta haifa, ta ce, "Uwata, ga takwararki, na sa mata Nechesa. A Disamba zan hau mota kwana uku in kawo miki ita ki tofa mata albarka. Ki tanadi ugali da yawa, ni ba na cin abincin 'yan gayu." Na karanta, na shiga bayan kejin ƙuda na yi kuka. Mace za ta ɗauko jaririya ta keto ƙasashe don ta gaida kabari, saboda ni.

Da farko na so in bar miki wannan aikin, Mwajuma, in ce idan ban dawo ba ki sanar da mutane. Sai na ga ba adalci ba ne in ci da sunan Mama in bar miki kunyar. Hoton nan da kika ɗauke ni ɗazu da safe, kina cewa, "Ɗago kai mana Yaya, sai ka ce amarya," shi na sa a shafin a madadin hoton Mama. Na fara rubuta wa Chipego ita kaɗai. Sannan na rubuta a shafin cewa Mama, Mwanahawa Nechesa, ta rasu tuntuni, ni 'yarta ce nake amsa musu, abin da na koya musu gaskiya ne amma sunan ba nawa ba ne, ina neman gafara. Na tura da hannuna. Na kashe wayar na sa a ƙarƙashin matashin kai, ban iya duba amsa ba.

Wataƙila rabinsu su tafi, wataƙila duka. Na san abincinku na taɓa, kuma ban shawarce ku ba. Ku yafe mini wannan ma.

Na biyar. Mwajuma, idan motata ta tashi, ki kunna wayar. Ki amsa wa kowa, har mai zagi, kada ki rama. Bayan haka ki rufe shafin Mama, ki buɗe naki da sunanki da fuskarki. Ki riƙe abu ɗaya da kika sani, ki faɗe shi duk mako, ki nuna asararki kamar yadda kike nuna ribarki. Zai yi jinkiri. Kafin nan akwai ƙwai, akwai Kawu. Kada Sauda ta bar makaranta.

Idan Chipego ta ce ba za ta zo ba, kada ku ga laifinta. Idan ta ce za ta zo duk da haka, ku share ɗakin, ku tuƙa ugali da yawa, ku raka ta wurin Mama. Ku roƙe ta kada ta canza wa jaririyar suna, domin mai sunan ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Kada ku yarda a raba ku, ɗaya gidan wannan, ɗaya gidan wancan. Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a ɗaki ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku, Ya ba ku bakin da ban samu ba. Allah Ya jiƙan Mama. Yau ce Litinin ta farko da na bar ta ta kwanta.

Yayarku,
Zuhura Nanjira